Mun Ɗauka a Kan Muryarsa

Ruwan Godiya, Yuni 1976
Talata, da hantsi

Malam Hadi ya dawo daga Ikko jiya, kuma ya dawo da kaset ɗin.

Tun da mai gidana ya tafi aikin sauke siminti a bakin teku, direba Malam Hadi ne ƙafarmu. Shi yake lodin shanu a Sheme ya kai can, in zai tafi mu ba shi saƙo, in ya juyo ya kawo amsa. Mutum ne da tun daga nesa ake jin zuwansa, yana tsine wa ramukan hanya ɗaya bayan ɗaya. Jiya ko sallamarsa da ƙyar aka ji. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure bai zauna ba, aka dama fura bai kalle ta ba. Ya ja Yaya Barau, wan mai gidana, suka koma gindin tsamiyar ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa. Da Yaya Barau ya shigo sai ya miƙo mini kaset ɗin cikin ƙyallen da na naɗe shi da hannuna, ko ƙullin ba a kwance ba. Ya ce ba a tarar da Almu a masauki ba, wataƙila an sauya musu wurin aiki.

Almu. Ga shi na rubuta. Tun da aka kawo ni gidan nan bakina bai taɓa kiran sunan ba, biro kuwa ba ruwansa da kunya.

Wannan littafin ragowar na lissafi ne tun ina aji bakwai a Kankara, bayansa duk fari. Ban san me ya sa na ɗauko shi ba, na dai ga hannuna yana neman abin riƙewa.

Talata, bayan la'asar

Wataƙila an sauya musu wurin aiki.

Laraba, bayan azahar

Da can wasiƙa yake rubuto mini. Rubutunsa na yaƙi da jahilci ne, manyan baƙaƙe suna jingine da juna kamar darnin da ruwa ya ci, layi ya fara a sama ya ƙare a gindin takarda. Ina yi masa dariya, shi kuma ya ce ai ba kowa ne ɗan Kankara ba. Amma wasiƙar tawa ce. In na karanta wa Goggo, mahaifiyarsa, gaisuwarta, sai in ninke in shige ɗaki da sauran. A ciki yake gaya mini tuwon can ba ya riƙe ciki, wai teku ba a hango ƙarshenta, wai ya ga wata mata mai irin tafiyata ya bi ta da kallo har ya taka kwata.

Sai duniya ta buɗe, kowa ya je Ikko ya dawo da agogo da rediyo. Bara ya sayi rikoda biyu, ya riƙe ɗaya, ya aiko wa Yaya Barau ɗaya. Daga ranar alƙalami ya huta. Kaset guda ne yake kai da kawowa: ya yi maganarsa a ciki, mu saurara, mu ɗauki tamu a kai, Malam Hadi ya mayar. Haka duk garin nan ake yi, ba wanda ya taɓa ganin aibun abin.

Ranar da kaset ya zo, gidanmu ya zama dandali. Maƙwabta su cika tsakar gida, har waɗanda ba sa gaisawa da shi sa'ad da yake nan. Shi kuma ya bi kowa da gaisuwa bi da bi, Goggo, Yaya Barau, Liman, Barakatu matar Yaya Barau, 'yarmu Khadijatu, har bijimin noma sai ya tambayi lafiyarsa. Ni ce ta ƙarshe, bayan bijimi. Da na ji ya doso wajena sai in miƙe in shige madafa, don wace ce za ta zauna gaban surukarta miji yana yi mata magana? Yaya Barau kuma ya danna abin ya ce sauran na cikin ɗaki ne, a watse. Kashegari in ya tafi gona, Barakatu ta sato mini rikodar in ji nawa.

A zuwan kaset ɗin na baya ba a samu kashegarin ba. Ruwan shuka ya sauka, Malam Hadi kuma zai yi lodi da sassafe, sai aka ɗauki amsa a ranar. Ban ji nawa ba. Na ce ba komai, ai wani zai zo.

Alhamis, da safe

Goggo ta ce a sa mata kaset ɗin. Tana zaune a bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa, ko kallonmu ba ta yi ba.

"Tunda abin ya dawo, ku sa mani in ji shi. Ban ƙoshi da muryar ba wancan karon, hayaniya ta yi yawa."

Yaya Barau ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce batir ya mutu.

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Goggo tana zaune aka ɗauki amsar, ita ta ma fi kowa daɗewa tana magana, amma a ganinta murya kamar hatsi ce a rumbu, a zuba sabo a kan tsoho, in an tona a tarar da na ƙasa. Na bi Yaya Barau zaure na tambaye shi ko haka ne. Ya ce a'a, in an ɗauka a kai ta goge ke nan, babu malamin da zai dawo da ita. Yana gyaran ƙotar fartanya ya faɗa, bai ɗago ba.

Ke nan babu shi a ciki. Muna ture juna a gaban rikoda, muna dariya, muka goge shi.

Juma'a, da yamma

Ruwa tun azahar. Ba wanda ya ambaci kowa.

Asabar, da hantsi

Na yagi takarda daga tsakiyar littafin nan na rubuta masa wasiƙa. Hannuna ya manta, sai da na ɓata wasu kafin layi ya miƙe. Na fara yadda aka koya mana a makaranta, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Sai na tsaya ina kallon layin.

Ba na so in yi masa tambaya. In na fara ina kake, me ya faru, takardar ba za ta ƙare ba. Sai na rubuta masa abin da ke gabana. Cewa dawa ta tsiro amma zabi sun tone layin gabas. Cewa jar akuya ta haihu, ɗan ƙafarsa ɗaya fara kamar ya sa safa. Cewa haƙorin Khadijatu na gaba ya fita, tana yawo da hannu a baki kada ƙadangare ya gani ya hana wani fitowa. Cewa ɗakinmu yana yoyo daidai inda yake ajiye takalmansa, na tara ƙwarya.

Ashe abubuwa da yawa suna faruwa a gidan nan. Da sai in ce yini ya wuce ba a yi komai ba.

Na aika wa Malam Hadi. Aka ce ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya sa a aljihun gaba, ya ce zai bar ta wurin mai masauki.

Litinin, bayan la'asar

Matan garin nan sun fara isata. Yau kaɗai an shigo aron turmi, aron rariya, neman gishiri, wata ma da ta rasa abin ara ta ce wai wucewa take yi ta ce bari ta gaishe mu. Gidanmu ba a kan hanyar ko'ina yake ba. Su zauna su tambayi ruwa, su tambayi gona, su kalle ni daga sama har ƙasa, su yi ajiyar zuciya su tashi. Da na shiga ɗaki sai magana ta koma raɗa.

Na ce wa Barakatu in akwai abin da suka sani su faɗa, in babu su bar mana rariyarmu. Sai ta rungume ni. Barakatun da muke faɗa a kan tsintsiya. Wannan ya fi raɗar tsorata ni.

Laraba, da azahar

Na ce bari in rubuta abin da ya faɗa a kaset ɗin tun bai zube daga kaina ba. Na zauna da biro, abin da na samu bai cika rabin shafi ba. Na tuna ya yi sallama, na tuna ya ce aiki ya yi yawa, jirage sun yi layi a kan ruwa ba iyaka. Sauran lokacin ashe ba saurare nake yi ba, ina jiran ya kusa isowa kaina ne in tashi.

Sai na bi mutanen gida da dabara. Yaya Barau ya ce maganar kwanon rufi ya yi, da takin zamani, wai kada a makara. Barakatu ta ce ina, atamfa ya ce ya saya wa kowa. Khadijatu ta ce ita ta ji wani abu ya yi kuka a bayansa, kamar saniya amma ba saniya ba. Goggo ta ce ya yi tari a tsakiyar gaisuwar Liman, irin wanda yake yi tun yana yaro in ya sha ruwan randa da safe, kuma duk taron nan ba wanda ya kula sai ita.

Kowa da abin da ya tsinta. Na rubuta duka, amma da na karanta ba muryarsa na ji ba, tawa na ji.

Alhamis, da yamma

Na tarar da Khadijatu a bayan ɗaki ta kafa gwangwanin madara a kan dutse, ta durƙusa tana magana a ciki.

"Baba muna lahiya. Baba haƙorina ya hita."

Sai ta danna gefen gwangwanin da yatsa, ta kara kunne tana jira. Na koma da baya, ban bari ta gan ni ba.

Lahadi, da hantsi

Yaya Barau ya ce zai je Sabuwa duba irin shinkafa. Da babbar riga ake duba irin shinkafa? Na tsare Barakatu a madafa har ta faɗa. Gidansu Gide ya tafi. Gide shi ne abokin tafiyar mai gidana, ɗaki ɗaya suke kwana a Ikko, kwale-kwale ɗaya suke shiga zuwa wurin jirage. Yau ake sadaka a gidansu.

Na tambaye ta sadakar me. Ta ce ita ma ba ta sani ba. Na ce to.

Na share tsakar gida, na sake sharewa. Na wanke tukwanen da na wanke jiya.

Lahadi, bayan magariba

Shi Gide an gan shi. Iyakar abin da Yaya Barau ya ce ke nan da ya dawo. Shi an gan shi.

Litinin, da safe

Mai gidana ya iya ruwa. Tun yana yaro ya fi sa'o'insa a rafin bayan gari, Goggo da bakinta take faɗa. Na rubuta masa haka a wasiƙa, sai na ga ba a gaya wa mutum abin da ya riga ya sani, na soke.

Laraba, da hantsi

Yaya Barau ya bi motar Malam Hadi zuwa Ikko, a tsakiyar noman farko, mutumin da ko don bikin ƙanwarsa bai bar gona ba. Na ba shi wasiƙun da suka taru. Ya buɗe baki zai yi magana, na riga shi, na ce a ba mai masauki. Ya karɓa.

Kafin ya fita Goggo ta ce in ya ga batir a hanya ya sayo. Da ya tafi ta kira ni ta tambaye ni a hankali, wai murya in ta daɗe a rufe ba ta lalacewa? Ko a riƙa fito da abin ana shanyawa, kada sanyin damina ya kama shi? Na ce ba ta lalacewa. Ta ce in kawo ta gani. Ta riƙe kaset ɗin a tafin hannu, ta girgiza shi a kunne, ta goge shi da gefen zane ta ba ni. Na mayar cikin kwalla, ƙarƙashin tasoshin aurena.

Ina tsoron ranar da batir zai shigo gidan nan. Kowa yana jiran Yaya Barau, ni ina jiransa ina kuma addu'ar ya manta da saƙon.

Yuli. Asabar, bayan la'asar

Kullum sai na rubuta. Ba mai kaiwa yanzu, tarawa nake yi. Abin ya sauya mini ido, in na ga abu sai in ce wannan na wasiƙa ne. Yadda ƙasa take tururi in rana ta fito bayan ruwa. Yadda Goggo take yi wa kaji faɗa da sunayen matan da suka ɓata mata rai tun tana amarya. Rama ta yi kyau a bayan ɗaki, na yi kwaɗo, yaji ya yi yawa, Khadijatu ta ci tana hawaye tana neman ƙari. Duk na rubuta masa.

Abin da ba na rubuta masa, nan nake zubawa. In mota ta yi ƙaho a hanyar Faskari sai in tsinci kaina a bakin zaure. Ɗazu ina tuƙa tuwo na ji an yi gyaran murya a zaure, irin nasa, wanda yake yi don in san ya dawo in gyara ɗankwali. Har na ajiye muciya. Ba kowa a zauren sai ɗan akuyar nan. Kuma tun shekaranjiya nake jin warin jiƙaƙƙen siminti a ɗakin nan, ɗakin da ko buhu ɗaya bai taɓa shiga ba.

Ina kewarsa. Ba ni da wurin faɗin wannan sai nan.

Lahadi, da safe

Goggo ta sake cewa in kawo ta gani. Na kawo.

Talata, da yamma

Yaya Barau ya dawo. Ya rame, idonsa ya faɗa. Malam Hadi ne ya ɗauko akwatin ƙarfen a ka, ya shigo da shi har tsakar gida, ya sauke, ya fita.

A ciki akwai rigunansa, da bargo, da atamfar da Barakatu ta faɗa, ashe ita ce ta ji daidai. Akwai rikodarsa. Na danna bakinta ya buɗe, babu komai a ciki. Ina zai samu wani kaset, ga shi a kwallata. A saman kayan kuma wasiƙuna ne, an ɗaure su da zare, bakinsu a liƙe yadda na liƙe shi da ƙaro. Mai masauki ya ce a gaishe ni, wai ya adana su da kyau.

Yaya Barau ya daɗe yana magana a ɗakin Goggo. Na ji ya ce kwale-kwale, na ji ya ce iska, na ji ya ce lodi ya yi yawa, na ji ya ce an nema. Ban matsa kusa ba. Goggo ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi tana maimaitawa.

Bai sayo batir ba.

Laraba, da azahar

Liman ya zo da dattawa. Sun ce shaidar mutanen da suke wurin ta isa. Barakatu ta kwance mini kitso, ta cire mini 'yan kunne da awarwaro ta ƙulle a ƙyalle. An ce daga yau ba ni ba fita.

Juma'a, da yamma

Mutane tun safe, har daga Kankara. Allah ya ba da haƙuri, Allah ya ba da haƙuri. Na amsa har muryata ta dushe. Ba a ɗauki makara ba, ba a haƙa ƙasa ba. In Khadijatu ta girma ta ce a nuna mata, ban san inda zan nuna ba.

Litinin, da hantsi

Na sake rubuta wasiƙa. Na sani. Hannun ne ya saba. Na gaya masa dawa ta wuce gwiwa.

Alhamis, bayan la'asar

Goggo ta shigo ɗakina ɗazu, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ni. Ana yayyafi. Ta zauna a bakin gado ta kwance gefen zanenta, sai ga batura sababbi suna ƙyalli. Ashe farar kazarta ta ba Barakatu ta kai Sheme. Ta nuna mini rikodarsa da ke kan akwati.

Na ɗauko kaset ɗin, na sa baturan, na rufe. Yatsana yana kan abin dannawa, na kasa danna shi. Na ce, "Goggo, ba shi ciki. Ranar da munka yi mashi magana, tamu ta goge tashi. Mu kaɗai ne ciki."

Ta daɗe tana kallon rikodar. Na zaci za ta tambaye ni don me muka yi ta yi mata ƙaryar batir, ba ta tambaya ba.

"To sa mani mu," ta ce. "In ji yadda muke tun ba mu sani ba."

Na danna. Ga Yaya Barau yana gyara murya kamar mai wa'azi, yana ba da labarin ruwan shuka. Ga Goggo tana faɗa wai ba ya cin abinci, wai ya riƙa rufe ƙirji, ana dariya a bayanta, ita ma ta fashe da dariya. Na manta rabon da in ji wannan dariyar. Ga zakara, ga turmin maƙwabta, ga Khadijatu tana tambaya ko Baba yana cikin abin. Sai aka ce saura amarya, ana tsokanata. Na ji kaina na ce muna lafiya, sai ƙarar takalmina ina gudu. Yaya Barau ya ce to ga kiran la'asar nan, a huta lafiya. Ƙat.

Na kai hannu zan kashe. Zaren kaset ɗin bai ƙare ba, yana ta juyawa. Ni madafa na gudu a ranar, ban san a nan aka tsaya ba.

"...da duk wanda na manta, a yahe mani. To. Sai ke, 'yar Kankara."

Na danne shi ban san na danne ba. Goggo ta dafa gwiwa, ta dafa bango, ta miƙe. Na ce ta zauna, na haɗa ta da Allah ta zauna, na ce shi ne fa, iyakar abin da ya rage mana ke nan.

"A'a," ta ce. "Wanga na cikin ɗaki ne."

Ta ɗaga labule ta fita. Ba ta yi nisa ba. Ta ƙasan labulen ina ganin ƙafafunta a gindin bango, inda rufin yake ɗiga. Matar da ta rabu da kazarta don ta ji wannan muryar.

Na juya rikodar ta fuskanci ƙofa, na murɗa ƙarar har ƙarshe, na danna.

Ya ce ya san na tashi na shige madafa, in dawo in zauna. Ya yi 'yar dariya. Ya ce shi wannan abin ya ishe shi, mutum yana magana kamar a tsakiyar kasuwa.

"Ki rubuto mani da hannunki, yadda munka saba. Ko babu labari. Mi kunka ci, wa ya zo, mi yarinyar ta ce. Su nike son ji. Ni ma in na samu takarda..."

Wani ya kira shi daga nesa. Ya amsa, ya ce ga shi nan zuwa. Zaren ya ƙare, abin ya ɗaga da kansa.

Ina ciki, tana waje. Yayyafin ya ƙaru. Wasiƙun suna nan kan akwati da zarensu, na kasa kallon wajen. Can Goggo ta yi magana, ba ta ɗaga labulen ba.

"Maido shi baya."

Na maido.